Juya Kwalin Ka Karanta: Jagorar Amfani da Man Shafawa Mai Kashe Kumburi

A kusan kowane gida akwai wata leda, ko tsohon gwangwanin alewa, da ake tara ragowar magunguna a ciki. In ka zazzage ta ba za ka rasa man shafawa biyu ko uku ba. Wani an matse shi har ya lanƙwashe, wani kwalinsa ya ɓata tun bara, ba wanda ya tuna don me aka sayo shi. Ranar da yaro ya tashi yana susa, ko maigida ya gurɗe wajen sauka daga babur, wannan ledar ake fara nufa. Hujjar kuwa kullum ɗaya ce: ai na shafawa ne, ba na sha ba, in bai yi magani ba ma ba zai yi illa ba.

Wannan hujjar ta ɓata fatar mutane da yawa. Fata tana shan abin da aka shafa mata, wani har ya kai cikin jini. Kuma man da ke kashe kumburi, kumburin kawai ya sani. Bai damu da abin da ya kawo shi ba. In ƙwayar cuta ce sanadi, zai kwantar da ƙaiƙayin ya bar ta tana ta hayayyafa a ƙarƙashi, kai kana murna an samu sauƙi.

Magungunan nan gida biyu ne, kuma ba sa aron aikin juna. Na farko su ne na ciwon nama da gaɓa, waɗanda ake shafawa a kan lafiyayyar fata don su ratsa zuwa abin da ke ƙasa da ita: diclofenac, ibuprofen, ketoprofen, piroxicam. Na biyu su ne dangin sitiroyid, masu kwantar da kumburin fatar kanta: hydrocortisone, betamethasone, clobetasol da 'yan uwansu. Na rubuta sunayen yadda za ka gan su a jikin kwali, don aikin da zan ba ka na karanta kwali ne. Ko a Maraɗi ko Damagaram ka sayo, inda rubutun yake da Faransanci, sunayen kusan haka za ka same su.

Akwai kuma man zafi, irin su Robb da Aboniki, wanda mutane ke ɗauka ɗaya ne da na farkon. Shi aikinsa daban ne, za mu zo kansa.

Mataki na 1: Dubi wurin da kyau kafin ka buɗe komai

Fita da mai ciwon cikin hasken rana, ba hasken tocilan ba. Tambaya ta farko: fatar a buɗe take ko a rufe? In akwai yanka, ƙujewa, gyambo, ƙuna, mugunya, ko wurin yana tsatstsafo da ruwa mai ɓawon rawaya, to mayar da duka biyun cikin leda. Buɗaɗɗen ciwo wanki yake so da tsaftataccen ruwa, a rufe shi da bandeji, in ya yi zurfi ko ƙusa ce ta soke a tafi asibiti a duba batun allurar tetanus. Ƙuna kuwa a zuba mata ruwa mai sanyi-sanyi har tsawon minti 20. Ban da ƙanƙara, ban da man goge baki, ban da ɗanyen ƙwai ko manja.

Tambaya ta biyu: ciwon a fata yake, ko ƙasa da ita? In fatar lafiya lau amma gaɓar ta kumbura, tana zafi in an motsa, wannan aikin gida na farko ne. In fatar ce ke ƙaiƙayi, ta bushe, ta yi kaushi, tana zubar da gari, sai mu dubi gida na biyu, amma bayan an tantance wasu cututtuka da sitiroyid ke ƙara wa wuta.

Makero: zagaye yake yi kamar an zana da kwabo, gefensa ya ɗan tashi, tsakiyarsa ta yi kamar tana warkewa. Ƙyasbi: ɗigo-ɗigo masu haske ko duhu a ƙirji, baya da wuya, in ka kankara su yi gari. Ƙazuwa: ƙaiƙayin ya fi tashi da dare, a tsakanin yatsu, wuyan hannu, cibiya da matsematsi, kuma da wuya ka samu mutum ɗaya ne kawai ke susa a ɗakin. Maruru, ƙurajen fuska, ƙarambau, da ƙurajen nan masu ruwa da ke fitowa a leɓe bayan zazzaɓi, duk ba a kusantarsu da sitiroyid. Akwai kuma tabo mai haske wanda ba ya ƙaiƙayi, in an taɓa shi da auduga ba a ji. Wannan a kai shi asibiti kai tsaye, don haka kuturta kan fara, kuma maganinta kyauta ne, tana warkewa sarai in an kama ta da wuri.

Wani abu da littattafan Turawa ba su cika kula da shi ba: suna cewa a nemi wurin da ya yi ja. A baƙar fata kumburi ba lallai ya yi ja ba. Yakan yi duhu fiye da kewayensa, ko ya yi toka-toka. Don haka yi amfani da bayan hannunka ka ji ɗumi, ka shafa ka ji kaurin fatar, ka kwatanta da ɗaya gefen jikin.

Mataki na 2: Juya kwalin

Sunan da aka rubuta da manyan baƙaƙe na kasuwa ne, bai gaya maka komai ba. Abin da kake nema yana cikin ƙananan rubutu a gefe ko a baya, inda aka jera sinadaran da kason kowanne. Nemi lambar rajistar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, da ranar lalacewa, sannan ka karanta jerin a nutse. Duk sunan da ya ƙare da "sone", "solone", "sol" ko "nide", ka ɗauka sitiroyid ne har sai mai harhaɗa magani ya ce maka ba shi ba ne.

In kwalin ya ɓata kuma rubutun jikin bututun ya goge, jefar da shi. Haka man da aka ɗura a 'yar roba ba suna, irin wanda ake cewa haɗi ne na musamman.

Mataki na 3: Targaɗe, buguwa da ciwon gaɓa

Kafin magani, a tabbatar ba karaya ba ce. Likitoci a birnin Ottawa na Kanada sun fitar da wata ƙa'ida mai sauƙi a 1992 game da idon sawu, wadda har yau ake aiki da ita: in mutum ya kasa taka ƙafar taku huɗu, ko in an danna bayan ƙashin idon sawun kansa ya yi tsalle, to a ɗauki hoto. Haka in wurin ya karkace, ko yatsu sun yi sanyi sun mutu. Na san da yawa mai ɗori za su fara nufa, ba ni da ja da gwanintar wasunsu, amma hoton dai a fara ɗauka. Ja da murɗa a kan ƙashin da ya tsage, ko ɗaurin da ya hana jini gudu, ya sha jawo wa yara asarar hannu.

In targaɗe ne zalla, kwana biyu zuwa uku na farko na sanyi ne. A naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20, a maimaita bayan awa biyu ko uku. In ba wuta, ruwan randa ma ya rage hanya. A ɗaure da bandeji ba tamau ba, a ɗaga ƙafar kan matashi. Al'adarmu ta gasa wuri da ruwan zafi da murza shi da ƙarfi tun daren farko tana ƙara kumburi ne, don zafi buɗe hanyoyin jini yake yi a wurin da ke zubar da jini ta ciki. Gashi sai bayan kwana uku.

Yanzu sai man. Diclofenac mai kashi 1 cikin ɗari ana shafa shi sau uku zuwa huɗu a yini, mai kashi 2 kuma sau biyu kawai, safe da dare. Awon kowace shafawa giram 2 zuwa 4 ne gwargwadon girman wurin, wato daga kusan rabin ƙaramin cokalin shayi zuwa abin da bai cika cokalin ba. A wanke wurin a busar, a shafa a hankali har ya nutse, ba sai an murza ba. A bari ya bushe kafin a sa tufa. Kada a naɗe wurin da leda, kada a ɗora masa abu mai zafi. A wanke hannu nan take, don wanda ya manta ya murza ido da shi ba zai sake mantawa ba.

Shin yana aiki, ko dai tausar ce? Yana yi. Ƙungiyar Cochrane, mai tattara binciken magunguna tana tacewa, ta duba gwaje-gwaje 61 a 2015. Ta samu cewa da wasu nau'o'in diclofenac da ketoprofen na shafawa, mutum 7 zuwa 8 cikin 10 masu targaɗe sun samu sauƙi sosai cikin mako guda, alhali 2 zuwa 3 ne kacal suka samu haka da man da ba magani a cikinsa. Dabarar aikinsa ita ce hana jiki samar da wani sinadari mai suna prostaglandin, mai kawo zafi da kumburi. Baturen Ingila John Vane ne ya gano haka game da asfirin da danginsa a 1971, abin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1982.

Babbar fa'idarsa a kan na sha ita ce ɗan kaɗan ne ke shiga jini. Ga diclofenac, kusan kashi 6 cikin ɗari ne na abin da ƙwaya za ta shigar. Shi ya sa ga dattijuwa mai ciwon gwiwa ko yatsu, wadda ke fama da olsa ko hawan jini, na shafawa ya fi haɗiyar ƙwaya kullum nesa ba kusa ba. Sai dai iyakarsa gaɓoɓin da ke kusa da fata. Ƙugu da cinya nama ya yi kauri, ba ya isa can.

Ɗan kaɗan ɗin nan ma akwai waɗanda bai kamata su raina shi ba. Mai ciki, musamman a watanni uku na ƙarshe, ta bar shi. Mai asma da asfirin ko ibuprofen ke tayar masa da ciwo, da wanda suke sa wa borin jini, su bar shi. Mai ciwon ƙoda da mai shan maganin tsinka jini kamar warfarin su tambayi likita tukuna. Yaron da bai kai shekara 14 ba, ba a shafa masa diclofenac da ka. Kuma ba a haɗa shafawa da shan ƙwayar diclofenac ko ibuprofen a lokaci guda sai da izinin likita. In zafin ya yi yawa, farasitamol ya isa abokin tafiya.

Ketoprofen yana da wani hali da ya sa nake ɗari-ɗari da shi a ƙasar rana irin tamu: in rana ta bugi wurin da aka shafa, fatar takan tashi kamar ƙuna. Dole a rufe wurin da tufa duk kwanakin shafawa da mako biyu bayan an daina. Ɗan acaɓa ko manomi gara ya nemi wani.

In mako ya cika ba sauƙi, ko abin gaba yake yi, a je a duba. Ko da sauƙin, kada a wuce kwana 14 ba tare da an ga likita ba. Gaɓar da ta kumbura ita kaɗai ba buguwa, ta yi zafi rau, ga zazzaɓi, wannan ba ta jiran gobe, musamman ga mai sikila ko mai ciwon suga.

Man zafi kuwa, mai menthol da kafur da methyl salicylate, ruɗar jijiya yake yi. Ɗumi da sanyin da kake ji su ɗauke maka hankali daga ciwon. Ga gajiyar jiki da tsamin nama ba laifi. Amma a shafa shi a ɗaure tamau ko a bi shi da gashi, ya kan ƙona fata, har hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan haka a 2012. Jariri kuma a nisanta shi da shi gaba ɗaya: ba a hanci ba, ba a ƙirji ba, ba a cibiya ba. Kafur guba ne ga ƙaramin yaro, kuma a cikin jariranmu akwai masu wani rauni na gado a jini wanda menthol da kafur ɗin ajiyar kaya kan tayar musu da shawara mai tsanani.

Mataki na 4: Zaɓi ƙarfin da ya dace da wurin

Mu koma kan fata. Inda sitiroyid ke da amfani na gaskiya shi ne kirci, wato busasshiyar fata mai ƙaiƙayi da kan kama lanƙwasar gwiwa da ta hannu, wuya da kumatun yara, wadda ke tsananta da hunturu. Sai fatar da ta yi bori da wani abu: sabulun wanki, ƙarfen agogo ko ɗan kunne, turare, rinin gashi, baƙin lallen nan da ake zuba wa sinadari. Sai cizon ƙwari da ya kumbura. Tun 1952, da likitoci biyu a Amurka, Sulzberger da Witten, suka fara gwada hydrocortisone a fata, ba a samu abin da ya kai wannan dangi saurin kwantar da kirci ba. Ba abin gudu ba ne. Na ga uwayen da tsoro ya sa suka bar yaro yana susa har jini, alhali kwana biyar na mai sauƙi ya ishe shi.

A tsarin Ingila hawa huɗu ne. Mai sauƙi shi ne hydrocortisone na kashi 1 cikin ɗari. Matsakaici, clobetasone butyrate. Mai ƙarfi, betamethasone da mometasone. Mafi ƙarfi duka, clobetasol propionate, wanda ya ninka hydrocortisone sau ɗaruruwa. Lura da sunayen nan biyu, clobetasone da clobetasol. Baƙi biyu ne suka raba su a rubuce, amma a aiki ɗaya akuya ce ɗaya kura. Kada kuma lambar jikin kwali ta ruɗe ka. Clobetasol na 0.05 ya fi hydrocortisone na 1 ƙarfi ba kama hannun yaro.

Wurin da za a shafa shi ke yanke hukunci. Fatar ido, fuska, wuya, hammata, ƙarƙashin nono, matsematsi da al'aura sirara ce, tana shan magani sosai, don haka mai sauƙi kawai, na 'yan kwanaki. Tafin hannu da tafin ƙafa masu kauri ne, su ne kan buƙaci mai ƙarfi. Jariri da tsoho a ɗauke su duka a matsayin masu sirirar fata. Abin da mutum zai iya saya da kansa ya gwada shi ne hydrocortisone, a ɗan ƙaramin wuri, a jikin babba ko yaron da ya tasa. Daga nan zuwa sama, ko a fuska, ko a jikin jariri, sai likita ya gani da idonsa. Cewa mai kemis zai miƙo maka clobetasol ba takarda, bai mayar da shi abin wasa ba.

Akwai mai ruwa-ruwa fari da ke nutsewa da sauri, akwai mai maiƙo kamar basilin. Busasshiyar fata mai kauri ta fi son mai maiƙo. Wurin gumi da lokacin bazara, farin ya fi daɗi.

Mataki na 5: Auna da yatsa

"A shafa kaɗan" ba awo ba ne. Kaɗan ɗin wata ya ninka na wata sau biyar. A 1991 wasu likitocin fata biyu a Birtaniya, Long da Finlay, suka kawo awon da kowa ke yawo da shi a jikinsa. Matso man a kan manuniyar babban mutum, layi ɗaya daga kan yatsa zuwa lanƙwasar farko. Wannan gaɓa ɗaya ke nan, kusan rabin giram, kuma tana isar wuri mai faɗin tafin hannun babba guda biyu har da yatsu.

To sai ka gwada tafinka a kan ciwon. In tafi ɗaya ya rufe shi, rabin gaɓa. In sai tafi huɗu, gaɓa biyu. A jikin yaro ma da yatsan babba da tafin babba ake aunawa. Ga babba, fuska da wuya duka gaɓa biyu da rabi ne, hannu ɗaya daga kafaɗa zuwa wuyan hannu gaɓa uku, ƙafa ɗaya daga cinya zuwa idon sawu gaɓa shida.

Wannan lissafin yana nuna maka ko kana wuce gona da iri. Bututu mai giram 15 gaɓa 30 ne. Mai kirci a bayan gwiwoyi biyu, mai shafa gaɓa ɗaya safe ɗaya dare, mako biyu zai yi masa. In ya ƙare cikin kwana huɗu, to yaɓe ake yi.

A shafa a kan wurin ciwon kawai, ana bin kwanciyar gashi, har ya ɗan yi sheƙi. Sau ɗaya ko biyu a yini. Ƙari a kan haka ba ya ƙara sauƙi. Mafi kyawun lokaci shi ne bayan wanka. Sai a jira kamar minti 20 zuwa 30 a bi dukan jikin da man kaɗanya mai tsafta ko basilin marar turare. Wannan na biyun shi ne rabin maganin kirci, kuma shi ba a daina shi. A rage ruwa mai zafi sosai, a ajiye soso mai kaushi, a bar sabulai masu maganin kashe ƙwayoyin cuta da zuba ruwan magani a bokitin wanka, don busar da fata suke ƙara yi.

Abu ɗaya: kada a kwaɓa sitiroyid cikin kwalbar man shafawar gida. Ta nan ne magani na kwana bakwai ke zama na shekara bakwai.

Mataki na 6: Ƙirga kwanaki

Rubuta ranar da ka fara a jikin kwalin. Hydrocortisone da ka saya da kanka iyakarsa kwana 7. A fuska, ko da izinin likita, yawanci kwana biyar zuwa bakwai ne. Masu ƙarfi mako ɗaya zuwa biyu, sai in likita ya ƙara. Clobetasol ba a wuce giram 50 a mako ko ga babba. Ana dainawa in fatar ta yi laushi, ƙaiƙayi ya tafi. Baƙin tabon da kan rage bayan warkewa ba kumburi ba ne, watanni yake ɗauka kafin ya baje da kansa, kuma bin sa da sitiroyid neman gira ne da zai kai ga rasa ido.

In kwana bakwai sun wuce ba canji, ko wurin yana faɗaɗa, ko ya fara mugunya, kada ka nemi mai ƙarfi. Mai yiwuwa tun farko ba cutar da kake zato ba ce.

Man nan mai "aiki uku"

A nan ne ɓarnar ta fi yawa. Mayukan da ake tallatawa da cewa suna maganin kowane irin ƙurji haɗi ne na abu uku: maganin makero, maganin ƙwayoyin cuta, da sitiroyid mai ƙarfi. Funbact-A, alal misali, yana ɗauke da betamethasone, Skineal kuma clobetasol. A rubuce yake a jikinsu, ba ɓoyewa aka yi ba, karantawa ce ba ma yi.

Ga yadda abin ke tafiya da mai makero. Ya shafa kwana uku, ƙaiƙayi ya ɗauke, zagayen ya dushe, ya yi ta sa wa wanda ya ba shi shawara albarka. Ya daina, bayan mako abin ya dawo ya fi da faɗi. Ya sake saye. Sitiroyid ɗin ya kwantar da garkuwar fatar, naman gwarin ya samu fili. Bayan wata shida ya mamaye cinya da ɗuwawu, kamanninsa sun canja har likita sai ya kankari fatar an duba a ɗakin gwaji. A Indiya yawan amfani da irin waɗannan haɗe-haɗe na cikin abin da likitocin fata ke ɗora wa alhakin yaɗuwar wani makero mai taurin kai da ba ya jin maganin da aka saba.

Alhali maganin makero shi kaɗai, clotrimazole zalla, ga yadda ake shafa shi: sau biyu a yini, mako biyu zuwa huɗu, a ci gaba har bayan ya ɓace. Na kan yara kuwa shafawa ba ta isa saiwar gashi, sai an sha griseofulvin na makonni shida zuwa takwas bisa awon likita, a kuma daina aron reza da mataji. Ƙazuwa tana son permethrin ko benzyl benzoate, kowa a gidan rana ɗaya, a wanke shimfiɗa da tufafi a shanya a rana.

Wata maƙwabciyarmu ta taɓa kawo min jikarta 'yar wata biyar, tana alfahari da ƙibar da ta yi. Kumatu sun cika sun yi sheƙi, amma fatar cinyoyinta ta yi fari sol, jijiyoyi a bayyane. Na ce, "Hajiya, me ake shafa mata?" Ta ce, "Wallahi ba komai, ɗan man ƙurajen nan ne uwarta ke zuba wa a man kaɗanya tun suna, don kada zafi ya fito mata." Da aka kawo kwalin, clobetasol ne. Wannan ba ƙiba ba ce. Maganin ne ya shiga jini. Jariri fatarsa tana da faɗi in an kwatanta da nauyinsa, famfas kuma yana rufe wurin ya riƙe danshi, sai shan maganin ya ninku. Zaɓewar ƙugun jariri iska take so, da yawan canja ƙunzugu, da man zinc oxide.

Haka labarin bilicin. Hasken da sitiroyid ke sa wa fata illarsa ce, ba aikinsa ba, kuma ba ta zuwa ita kaɗai: fata ta sirance ta riƙa yagewa, nankarwa mai faɗi a hammata da cinya wadda ba ta gogewa, ƙuraje a fuska, gashi a haɓa, ciwo ya ƙi warkewa bayan tiyata ko haihuwa. In a kusa da ido ne, hawan jinin ido da yana. In a jiki duka ne shekara da shekaru, hawan jini da ciwon suga. A 2023 hukumar NAFDAC ta kira matsalar bilicin a Najeriya abin gaggawa ga lafiyar ƙasa.

In an riga an daɗe a kai

Wanda ya yi mako ɗaya ko biyu yana iya dainawa kai tsaye. Wanda ya yi watanni da mai ƙarfi, musamman a fuska ko a jiki duka, ko jariri irin na Hajiya, ba ya yankewa rana ɗaya. Fatar takan yi bore: zafi kamar an zuba barkono, kumburi, saɓa, duhu fiye da da. Wannan ne ke mayar da mutane ruwa, su ce man ne kaɗai ke karɓar su. Abin da ya fi haka haɗari, jikin da ya saba samun sitiroyid daga waje yakan rage yin nasa, to yankewa farat ɗaya kan kawo kasala mai tsanani, jiri da amai.

Saukowa ake yi hawa-hawa a hannun likita: daga sau biyu zuwa sau ɗaya, daga kullum zuwa tsallaken kwana, daga mai ƙarfi zuwa mai sauƙi, ana ta kiwon fatar da mai marar turare, ana kare ta daga rana. Yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni, kuma fatar za ta yi duhu kafin ta daidaita, gara a san da haka tun farko. Akwai likitocin fata a manyan asibitocin koyarwa, irin su na Malam Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Ga wanda fatarsa ke buƙatar dogon magani a fuska ko fatar ido, akwai tacrolimus, wanda ba sitiroyid ba ne kuma ba ya sirantar da fata, sai dai yana da tsada kuma yakan yi ɗan raɗaɗi a kwanakin farko.

Ranar zuwa asibitin, a kwashi ledar nan gaba ɗaya a tafi da ita: bututun da ya ƙare, kwalin da ya yage, sabulun, har 'yar robar haɗin da ba suna. A faɗi wata nawa aka yi ana shafawa da kuma bututu nawa ke ƙarewa a wata, don da wannan lissafin likita zai san daga hawan da za a fara saukowa.